Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ɗaliban USN kan ƙin aƙidar libaral

Zuwa ga shugabanni da membobin ƙungiyar ɗalibai ta USN, musamman ƙannena da ɗiyana na Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tahoua.

Assalamu alaikum kamarad. Ya karatu, ya zafi, ya haƙuri da jiran burs. Ni tsohon ɗan ƙungiyarku ne, na ci alli har na gaji na ajiye, yanzu ba ni da biro ba ni da jam'iyya (to jam'iyyun ma ai babu su), sai 'yar waya da rediyo da fadar tsofaffi bayan la'asar. Abin da ya sa na rubuto shi ne wagga muhawara da ta cika gari, a fada, a WhatsApp, har bisa kabu-kabu, wai aƙidar libaral, wanga tsari na sassaucin ra'ayi da Turawan Yamma sunka daɗe suna tallata mana, a saki kasuwa ta yi yadda ta ga dama, a yi jam'iyyu barkatai, kowa ya faɗi abin da ke bakinshi, wai ta mutu a Nijar kuma Allah raka taki gona. Wasunku na tambaya ko ƙin ta daidai ne, ko kuwa gudun wayewa ne kamar yadda wasu 'yan boko ke faɗi. Ni a wurina daidai ne, akwai hujja, hujjar ma ta fi wadda masu ihu a rediyo ke kawowa ƙarfi. Sai dai ba duk wanda ya ce ya ƙi ta ne abokin tafiyarku ba, kuma akwai abin da in kunka bari anka zubar da shi da sunan wanga ƙi, ku ne za ku fara kuka.

Bari in fara da hujjar, don ku ba ku ga farkon abin ba, labari kunka taras. Da kuɗin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980 bashi ya yi wa ƙasa katutu, gwamnatin Kountché ta je wurin FMI, asusun ba da lamuni na duniya, a 1983, Bankin Duniya ya biyo baya da nashi tsarin a 1986, shi ne ake ce ma PAS, tsarin tsuke bakin aljihu. Sharuɗɗan ba su da yawa amma babu wanda bai taɓa talaka ba, a rage ma'aikata, a tsaida ɗaukar sabbi, a janye tallafi, a saida kamfanonin gwamnati ko a rufe su, maras lafiya ya biya kafin a duba shi. SONARA da ke sayen gyaɗa ta mutu. BDRN, bankin da ƙasa ke taƙama da shi, ya rufe a 1990 da kuɗin mutane a ciki. OPVN da ke riƙe farashin hatsi anka ce ta koma ajiyar ko-ta-kwana kawai, ta bar manomi da ɗan kasuwa su daidaita tsakaninsu, sai ka ce manomin Buza da ke saida dammanshi tun kaka don ya biya bashi yana da bakin yin ciniki da mai sito a Ƙonni. Sai ga Janairun 1994, shugabannin ƙasashen sefa sunka taru a Dakar, munka kwana munka tashi ranar 12 ga wata sefa ta rasa rabin darajarta, faran ɗin Faransa guda da ke dala goma ya koma dala ashirin, kuma ba wanda ya tambayi majalisar da munka sha rana munka zaɓa shekara guda kafin nan. Magani ya ninka, taki ya ninka, littafin lakwal ya ninka, albashi kuwa wata da watanni ba a gan shi ba. Wanga tsarin malaman kwantaragi da yayyenku ke ciki, mutum ya share shekaru yana koyarwa ba matrikil ba tabbacin gobe, daga can ya samo asali.

Daga nan anka shiga saida kaya, simintin Malbaza ya tafi hannun Turawa, ruwan famfo na birane anka ba Vivendi a 2001, kamfanin waya SONITEL ma a shekarar anka saida ta ga wasu kamfanonin Sin da Libiya, abin bai yi ba har sai da gwamnati ta sake karɓe ta a 2012. Gaskiya dai a faɗe ta, buɗe kasuwar waya shi ya kawo salular da kuke karanta wagga wasiƙa da ita, da can samun layi a gida sai wane da wane. Amma wanda ya ga 2005 ba za ka zo mishi da zancen salula ba. Fari da fara sun cinye gonaki a daminar 2004, a shekarar da ta biyo baya ne anka ɗora harajin TVA kashi 19 bisa madara da fulawa da sukari da ruwa da wuta, sai da ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa na su Nouhou Arzika ya rufe garuruwa kasuwa ba kowa tasha ba kowa sannan gwamnati ta ja da baya. Kuma a daminar 2005 ɗin yara na mutuwa a Maraɗi da nan Adar, hatsi na kasuwa cike da buhuna kuɗin sayen ne babu, aka yi ta jan ƙafa wajen rabon kyauta wai kar a ɓata kasuwa, sai dai saidawa da rahusa ga wanda ko rahusar ba shi da ita. Duk aƙidar da ta fi jin tsoron ɓacin kasuwa da mutuwar yaro, wallahi ba sai ka yi digiri ba kafin ka ƙi ta.

Ga kuma baki biyu. Su da ke ce mana a janye tallafin taki, manomin audugarsu a Amurka da mai shanunsu a Turai tallafi suke ci har gobe, madararsu ta gari ta cika mana kanti alhali Azawak cike take da shanu. Kaya su wuce ba shinge, kuɗi su wuce ba shinge, amma ɗan Adar da ya tashi bida shi ne ake sa ma shinge, har anka yi doka a 2015 mai lamba 36 wadda ta sa direbobin Agadas kaso anka kama motocinsu don Turai ta yi barci lafiya, sai a ƙarshen 2023 anka soke ta. A 2011 da sunan kare farar hula NATO ta ruguza Libiya, makaman sunka watsu cikin Sahel, mu ke binne gawa har yau. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma da sunan dimokuraɗiyya anka yanke mana wutar Najeriya, anka rufe iyaka magani da abinci na tsaye cikin motoci, wanda ya sha wuya ba janar ba ne, mai ciwon suga ne da mai saida ƙanƙara. Ita kanta dimokuraɗiyyar da ake cewa a maido, a cikinta ne binciken ma'aikatar tsaro na 2020 ya nuna miliyar 76 sun bi iska a cinikin makamai lokacin da ake kashe sojojinmu a Inates da Shinagodar, a cikinta ne ɗalibi ya rasa ranshi a jami'ar Yamai ranar 10 ga Afrilun 2017. Wanda ya ce ya gaji da wanga ban ga laifinshi ba.

Zancen iyali da addini ba zan daɗe a kai ba don kusan bakinmu ɗaya. Al'umma na da ikon cewa ga yadda za ta yi aurenta da gadonta da tarbiyyar ɗiyanta, kuma wanda ya ɗaura taimakonshi da sharaɗin sai mun karɓi abin da addininmu ya hana, ya riƙe kayanshi. A 1994 ƙungiyoyin Musulunci sunka hana kundin dokar iyali, a 2006 majalisa ta ƙi yarjejeniyar Maputo ta haƙƙin mata, ba a yi yaƙi ba, magana anka yi anka kaɗa ƙuri'a. Abin da ke damuna shi ne mun ƙi nasu kuma ba mu zauna munka rubuta namu ba, mace ta yi shekara ashirin gidan miji a sallame ta da saki a waya ta fita da 'yar jaka, haƙƙin da shari'ar ta ba ta ma ba mai karɓo mata. Sannan abin da ya faru a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, don wata jarida a Faransa ta yi ɓatanci anka ƙone coci-cocin maƙwabtanmu mutum goma sunka mutu, wanga ba ƙin aƙida ba ne, zalunci ne, wanda ya zana zanen ko tari bai yi ba.

To yanzu ga inda nike so ku saurare ni da kyau, don tarihinku ne. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 ɗaliban da sunka hau gadar Kennedy ba 'yan libaral ba ne, akasarinsu ma gurguzu suke karantawa, abin da ya fito da su shi ne tsuke bakin aljihun da Bankin Duniya ya sa a yi a fannin ilimi. Anka buɗe musu wuta, Alio Nahantchi da Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou sunka kwanta dama. Me ya biyo baya? Ƙungiyarku da ta ma'aikata USTN sunka ce ba za a sake harbin mutum don ya yi maci ba, a ba mu jaridu, a ba mu jam'iyyu, a zauna taron ƙasa. Ku lura da kwanan wata, jawabin Mitterrand na La Baule da ake cewa shi ya kawo dimokuraɗiyya Afirka a watan Yuni anka yi shi, wata huɗu bayan jinin ya zuba. Ali Saibou ya amince da jam'iyyu da yawa a Nuwamban 1990, mata sunka fito ranar 13 ga Mayun 1991 sunka ce ba za a yi taron ba su, anka buɗe taron ƙasa ranar 29 ga Yuli ƙarƙashin Farfesa André Salifou har zuwa 3 ga Nuwamba, a nan anka tone kisan Abzinawa na Cintabaradan da na gadar a gaban kowa, rediyo na watsawa. Kenan mutanen da sunka fi kowa ƙin FMI su ne dai sunka ƙwato 'yancin baki da na maci da na kafa sandika, don sun gane ba za ka iya yaƙar PAS ba in ba ka da ikon fita titi ka ce ba ka yarda ba. Yanzu in wani ya zo ya haɗa muku FMI da 'yancin magana cikin buhu ɗaya ya ce duk kayan Bature ne a yar, ku tambaye shi ko waɗancan ukun Turawa ne.

Ku tuna da Hadijatou Mani, ɗiyar nan yankin Ƙonni. Tana da shekara 12 a 1996 anka saida ta jika 240 ta zama wahaya, wato baiwar da ake ajewa bayan mata huɗu, da ta samu takardar 'yanci ta auri wanda take so sai kotu ta yanke mata wata shida wai ta yi aure bisa aure. Mu duka muna nan, malamai na nan, sarakuna na nan, 'yan boko na nan. Ƙungiyar yaƙi da bauta ta Timidria ce ta tsaya mata har kotun CEDEAO, ranar 27 ga Oktoban 2008 kotun ta ce ƙasa ta kasa kare ta daga bauta a biya ta miliyan 10. Wanga tunani na cewa mutum guda, ko mace ce ko baiwa ce, yana iya kai ƙasa sukutum ƙara ya yi nasara, in shi ma libaral ne to ni ban shirya rabuwa da shi ba. Tun 29 ga Janairun 2025 mun fita CEDEAO, ina da dalilan jin haushinta kamar kowa, amma dan Allah a gaya mana wace ƙofa wata Hadijatou za ta ƙwanƙwasa in kotun gida ta juya mata baya.

Sauran aƙidun da ake kawo mana a madadi su ma ai mun ɗanɗana, ba baƙi ba ne. Jam'iyya guda munka fara da ita, anka haramta Sawaba, jam'iyyar adawa ta Djibo Bakary, tun 1959, a 1964 anka harbe 'yan Sawaba a bainar jama'a. Zamanin Kountché an yi tsoron taɓa kuɗin gwamnati, wanga ba mai musu, tsofaffi na kewarshi har yau, amma an yi tsoron bango ma, mutum na magana da matarshi yana waige, Djibo Bakary ya dawo gida anka sake kulle shi shekaru, kuma kar ku manta gwamnatin soja ce ba ta farar hula ba ta fara sa hannu da FMI. Gurguzun da munka yi ta haddacewa a ɗakunan kwana, a Gine shi ne ya bar Diallo Telli, sakataren farko na ƙungiyar haɗin kan Afirka, ya mutu da yunwa a kurkukun Boiro a 1977. Waɗanda sunka shiga ƙauyukan Tillia ranar 21 ga Maris 2021 sunka kashe mutum 137, su ma in ka tambaye su cewa za su yi sun ƙi dimokuraɗiyya sun ƙi Yamma, to sai me, sun zama namu? Sin kuwa da ake yabo ta gina matatar mai ta SORAZ ta ja bututu har gaɓar tekun Benin, madalla, amma riba ta kawo ta, gwamnatin nan da kanta ta sallami manyan jami'anta uku a Maris 2025 kan bambancin albashi tsakanin ɗan ƙasa da baƙo. Rasha ma ba don Allah ta zo ba. Ashe ƙin ya kamata ya zagaya kowa, awo guda za a yi wa kowa, wanga tsari wa ya tsare, talaka ko mai mulki, kuma in ya ɓaci ta ina za a gyara ba tare da bindiga ba.

Ban ɓoye ba na ji daɗi da sojojin Faransa sunka tattara a Disamban 2023, na Amurka sunka bi su a 2024, na ji daɗin rage kuɗin asibiti, na ji daɗi da SOMAÏR mai haƙar uraniyom ta dawo hannun ƙasa a Yunin 2025 bayan shekara hamsin da 'yan kai ana haƙa Arlit na cikin ƙura. Zancen ƙasa ne, na yarda. Amma zancen ƙasa ne kuma cewa a Yunin 2024 anka maido da hukuncin ɗauri kan abin da mutum ya rubuta a intanet, a Maris 2025 anka rusa jam'iyyu gaba ɗaya, a Agustan 2025 anka rusa sandikan alƙalai SAMAN. Bazoum, ko kuna sonshi ko ba ku so, an tsare shi sama da shekara biyu ba a tsaida shi gaban alƙali ba, in yana da laifi ai mu ma muna so mu ji. Wanda ya fi tsaya mini a rai Moussa Tchangari ne, mutumin da anka kulle a 2005 kan TVA, anka sake kullewa a 2018 zamanin Issoufou kan dokar kasafin kuɗi, wanda ya yi ta sukar sansanonin sojan waje tun lokacin da masu ihun yau ke cin abinci da gwamnatin da ta kawo su, shi anka ɗauke a gidanshi ranar 3 ga Disamban 2024. In irin wanga ne maras kishin ƙasa to mai kishin wane ne? Ku sandika ne ɗiyana, kuma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa.

Na san za a ce wanga tsoho ɗan Faransa ne, ko kuma an biya shi. To wanda zan kawo muku ba Bafaranshe ba ne, a Maratta anka haife shi, nan ƙasar Ƙonni. Da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami da babbar salla ya yi musu kyauta, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓi dukiyar ba, abu biyar ya roƙa, a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kar a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Ku ƙirga da kanku nawa ne a ciki sunka shafi bakin mai magana da ƙafar ɗaurarre da aljihun talaka. Ba La Baule a lokacin, ba Bankin Duniya, sarkin ma ba zaɓenshi anka yi ba, amma malami ya dube shi ya faɗa kuma ya koma gida lafiya.

Don haka roƙona gare ku ba wai ku rungumi libaral ba ne, ni ma ban rungume ta ba kuma na tsufa da canza ra'ayi. Ku ƙi ta inda ta cancanci ƙi, ku ƙi ta da ilimi da lissafi, ku nemi a buga yarjejeniyar uraniyom da ta man fetur kowa ya karanta, har da ta dalar Amurka miliyan 400 da anka karɓa hannun kamfanin man Sin CNPC a Afrilun 2024, don kwangilar da anka ɓoye ba ta zama mai kyau don mai sa hannun ya canza. Ku fito fili ku ce duk wanda ke tsare a kai shi gaban alƙali ko a sake shi, ko da wanda kuke ƙi ne, musamman ma shi. Kuma ku shirya zama a amfi ku gayyato malamin addini da masanin tattalin arziki da 'yan Timidria da wakilin hukuma da ɗan tsohuwar jam'iyya, kowa ya faɗi tashi a yi mishi tambaya, a bar ƙofa buɗe 'yan kasuwa da 'yan kabu-kabu su shigo. In an ba ku izini kun ƙaru mu ma mun ƙaru, in an hana ku sai ku rubuta dalilin da anka ba ku ku liƙa a allo kowa ya gani.

Ku gaida malamanku. Wanda ke da amsa ya rubuto, ko da zagi ne zan karanta, lokaci gare ni.

Naku,
wani tsohon kamarad,
Tahoua.